Me Ya Sa Abu Yake Zama na Mutum? Tambayoyi da Amsoshi a Kan Mallaka

Kotuna cike suke da masu jayayya a kan wane ne mai abu, kuma yaƙe-yaƙe da dama a kan haka aka gwabza su. Duk da haka ba kasafai ake tsayawa a tono tushen maganar ba: me ya sa abu yake zama na wani tun asali, kuma ina ikonsa a kai ya tsaya? Tambayoyin da ke tafe su ne suka fi tasowa idan aka shiga wannan batu. Inda masana suka saɓa na kawo saɓaninsu, inda nake da ra'ayi kuma ban ɓoye shi ba.

Mece ce mallaka tukuna?

Yawancinmu muna ɗaukarta wata alaƙa ce tsakanin mutum da kayansa. To ka ƙaddara mutum ɗaya ne tak a duniya. Zai sha ruwa, zai gina wurin kwana, zai mori duk abin da hannunsa ya kai, sai dai ba shi da wanda zai ce wa "kada ka taɓa". Maganar mallaka ba ta tasowa sai mutum na biyu ya bayyana. Ko ka duba abin da ke faruwa ranar da ka sayar da agogonka. Agogon bai canja ba, ko ƙwarzane bai ƙaru a jikinsa ba. Jiya kai ne kake hana kowa ɗaukarsa, yau kai ma ka shiga cikin waɗanda aka hana.

Ashe mallaka magana ce tsakanin mutane a kan abu. Duk lokacin da ka ce abu naka ne, kana ɗora wa sauran mutanen duniya nauyin su janye hannunsu, kana kuma sa ran jama'a za su tsaya maka idan wani ya ƙi janyewa. Malamin fiƙihun Malikiyya Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya bayyana ta da cewa hukunci ne na shari'a da ake ƙaddarawa a kan abu ko a kan amfaninsa, wanda ke ba mutum damar cin moriyarsa da karɓar musaya a kansa. Jeremy Bentham na Ingila kuwa ya ce dukiya da doka tare aka haife su, tare kuma za su mutu. Sauran amsoshin duk daga nan suka samo tushe. Abin da ke tsaye da goyon bayan jama'a, dole jama'a su sami ta cewa a kan iyakarsa.

Abin da ke hannuna ba nawa ba ne ke nan?

Ba lallai ba. Ɓarawo yana riƙe da abu, mai aro ma haka, wanda aka ba ajiya ma haka, kuma babu mai abin a cikinsu. Shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara. Mai abu kuwa yana iya kasancewa a wata nahiya, shekara da shekaru bai sa kayansa a ido ba, suna nan nasa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda dogon riƙo yake rikiɗa ya koma mallaka. A tsohuwar dokar Rumawa ta Alluna Goma Sha Biyu, wadda aka rubuta wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, riƙon shekara biyu ya isa a kan ƙasa, shekara ɗaya a kan sauran kaya, ban da kayan sata. A mazhabar Malikiyya, idan wanda ba dangi ba ya riƙe gida ko fili shekara goma, yana gini yana rushewa, mai da'awa yana nan yana gani bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraren ƙararsa bayan haka. Ba tukwici ake ba mai ƙwace ba. Dogon shiru shi ma shaida ne, kuma hankalin mutane ba zai taɓa kwanciya ba idan kowace tsohuwar da'awa tana iya farkawa duk ranar da ta ga dama.

Haƙƙi ɗaya ne ko haƙƙoƙi ne da yawa?

Da yawa ne, kuma ana iya rarraba su. A 1961 masanin shari'a Tony Honoré ya lissafa abubuwa 11 da ke tattare da cikakkiyar mallaka. Cikinsu akwai ikon riƙewa, da amfani, da cin riba, da sayarwa, da gadarwa. Akwai kuma biyu da masu dukiya ba su cika son ji ba: nauyin kada abinka ya cutar da wani, da yiwuwar a karɓe shi a biya bashin da ake bin ka. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun raba mallakar asalin abu da mallakar amfaninsa. Mai gida da ɗan haya sun raba haƙƙoƙin tsakaninsu, har mai gidan ba shi da ikon kutsawa cikin gidan nasa ba sallama. Wanda ya jinginar da fili yana nan mai shi, amma ba ya iya sayarwa yadda ya so.

To ta yaya abu ya fara zama na wani? Ai duniya ba ta zo da sunan kowa a rubuce ba.

Wannan ita ce tambayar da ta fi wahalar da masana, domin duk wata takardar saye tana komawa ga wadda ta gabace ta, har a kai ga mutumin farko da bai saya daga kowa ba.

Amsa mafi tsufa ita ce wanda ya riga zuwa shi ne mai shi. Tana da sauƙi, tana kuma kashe rigima, sai dai ba ta faɗi dalilin da zai sa saurin ƙafa ya ɗaure hannun waɗanda ba a ma haifa ba tukuna.

John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, a rubutunsa kan gwamnati da ya fito a 1689, ya kawo hujjar aiki. Ya ce mutum shi ne mai jikinsa, don haka shi ne mai aikin jikinsa, kuma idan ya gauraya aikinsa da abin da ba na kowa ba, abin ya zama nasa. Amma ya sa sharaɗi biyu da mutane suka fi mantawa da su: kada ka ɗebi abin da zai lalace a hannunka, kuma ka bar wa saura abin da zai ishe su, mai kyau kamar wanda ka ɗauka. A 1974 Robert Nozick, masanin falsafa ɗan Amurka, wanda shi kansa mai kare dukiyar mutum ne ƙwarai, ya jefa wa hujjar tambaya: idan na juye gwangwanin abin shana a cikin teku ya gauraya da ruwan duka, tekun ne ya zama nawa, ko abin shan nawa na yi asara?

A Musulunci akwai hadisin da ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Kusa yake da maganar Locke, ya kuma riga ta da ƙarni da yawa, amma ka duba yadda malamai suka kewaye shi. Abu Hanifa ya ce sai da izinin shugaba. Malik ya bambanta: ƙasar da ke kusa da mazaunin mutane sai da izini, ta nesa ba sai da shi ba. Shafi'i ya ce rayawar kaɗai ta isa. Saɓanin nasu shi ne ainihin tambayar: aikin mutum ne yake haifar da mallaka, ko amincewar al'umma?

David Hume, masanin falsafa ɗan Sukotlan, ya bi wata hanya dabam. A ganinsa babu wani sirri a cikin aiki ko riga zuwa. Kaya ba su wadaci kowa ba, kyautar zuciyar ɗan'adam kuma tana da iyaka, sai mutane suka gane a hankali cewa zaman lafiya yana cikin kowa ya bar wa kowa abin da ke hannunsa. Da komai yana da yawa kamar iska, da ba wanda zai damu da nawa da naka.

Ni a ganina Hume ya fi kusa da yadda abin ya faru, Locke kuma ya fi kusa da abin da zuciya take yarda da shi, domin kowa yana jin zafin a ƙwace wa mutum abin da ya yi wa gumi. Amma dole a faɗi ɓarnar da aka yi da hujjar aiki. Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da ita wajen cewa ƙasar da ba a shinge ba, ba a kuma nome ta irin nomansu ba, ba ta kowa ba ce. Da wannan tunani Birtaniya ta mamaye Ostireliya daga 1788, alhali mutane sun shafe dubban shekaru suna zaune a cikinta da dokokinsu na ƙasa. Sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta yi watsi da wannan da'awa a shari'ar Mabo, kuma Eddie Mabo da ya shigar da ƙarar ya rasu watanni kaɗan kafin a yanke hukuncin.

Na ji an ce "mallaka sata ce". Gaskiya ne?

Pierre-Joseph Proudhon na Faransa ne ya faɗi haka a 1840. Kafin shi, a 1755, Rousseau ya ɗora asalin rashin daidaito a kan mutumin farko da ya shinge fili ya ce nasa ne, ya kuma sami masu sauƙin kai da suka yarda. Sai dai Proudhon ba rigar jikinka ko kayan sana'arka yake nufi ba. Abin da ya tsana shi ne mutum ya zauna yana karɓar riba daga abin da wasu suke wahala a kai, don kawai sunansa ne a takarda. Karl Marx ma a kan masana'antu da filaye da jari ya fi ɗora kukansa.

Akwai gaskiya a kukan. Idan aka bi diddigin manyan dukiyoyi da yawa, ƙwace ake tararwa a ƙasa. Amma ban yarda da maganar a dunƙule ba, saboda talaka ne ya fi kowa buƙatar a girmama mallaka. Mai ƙarfi yana da masu gadi, ko babu doka zai kare nasa. Marainiya da aka bar wa ɗaki ɗaya ba ta da abin dogaro sai amincewar mutane cewa ɗakin nata ne. Duk inda mallaka ta yi rauni, irinta ake fara kora.

Me zai hana a haɗa komai ya zama na kowa?

Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ba da shawarar masu mulki da masu tsaron birninsa na mafarki kada su mallaki komai na kansu. Ɗalibinsa Aristo ya ƙi yarda. Ya ce abin da mutane da yawa suka yi tarayya a kai shi ya fi rasa mai kula, ya ƙara da cewa wanda ba shi da nasa ba zai iya kyauta ba. Wannan hujja ta biyu tana burge ni, kuma ba a cika ambatonta ba.

Tarihi ya gwada abin da tsada. Tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka a Tarayyar Sobiyet ya kai ga yunwar 1932 zuwa 1933, wadda ta hallaka miliyoyin mutane. A Sin kuwa, a 1978, manoma 18 a ƙauyen Xiaogang suka sa hannu a ɓoye a kan yarjejeniyar raba gonar haɗaka tsakanin gidajensu, amfanin gona ya ƙaru sosai, daga baya gwamnati ta mayar da tsarin na ƙasa baki ɗaya.

Amma kada a tsaya nan. A 1968 Garrett Hardin ya yi rubutun da ya shahara cewa makiyayar da ba ta da mai ita dole ta ƙare, domin kowa zai ƙara dabba ɗaya ya ci ribar shi kaɗai, asarar kuma a raba. Elinor Ostrom, wata masaniya 'yar Amurka, ta je ta duba abin da mutane suke yi a zahiri. Ta tarar da makiyaya a ƙauyen Törbel na Suwizalan da manoman rani a yankin Balansiya na Sifen sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tarayya a kan ciyawa da ruwa ba su ƙarar da su ba. Sirrinsu shi ne sun san wa ke ciki wa ke waje, su suka tsara dokokinsu, suna sa wa juna ido, kuma mai laifi ana hukunta shi daidai laifinsa. Wannan aiki ya sa ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009. Abin tarayya dabam, abin da aka yasar dabam. Hadisin da ya ce mutane abokan tarayya ne a abu uku, ruwa da makiyaya da wuta, yana nuna cewa akwai abubuwan da haɗa su ya fi raba su.

Idan komai na Allah ne, ina nawa?

Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama cewa abin da ke sammai da ƙasa na Allah ne, kuma a suratul Hadid aya ta 7 an umarci mutane su ciyar daga abin da aka sanya su wakilai a kansa. A Attaura, cikin littafin Firistoci sura ta 25, an hana sayar da ƙasa har abada, domin ƙasar ta Ubangiji ce, mutane baƙi ne a cikinta. Duk da haka a huɗubar bankwana Annabi (SAW) ya haɗa alfarmar dukiyar mutum da alfarmar jininsa.

Babu karo tsakanin biyun. Tsakaninka da mutane kai ne mai abu, babu wanda ya isa ya ɗauka ba da yardarka ba. Tsakaninka da Mahalicci kuwa amana ce ka riƙe, za a tambaye ka inda ka samo da inda ka kashe. Ko wanda bai yi imani da addini ba zai iya kai wa ga rabin wannan magana da hankalinsa: ba shi ya halicci ƙasar ba, ba shi ya ƙirƙiro ilimin da ya yi sana'a da shi ba, kuma zai tafi ya bar su.

Tunda nawa ne, ba ina da ikon lalata shi ba?

A 1990 wani attajiri ɗan Japan ya sayi wani zanen Van Gogh a kan dala miliyan 82.5, daga baya aka ji ya ce yana so a ƙone zanen tare da gawarsa. Duniya ta yi masa ca, har ya fito ya ce ba da gaske yake ba. Kuɗinsa ne ya saya, to me ya harzuƙa mutane? Sun ji a ransu cewa akwai abin da kuɗi ke iya saya amma ba ya ba mutum ikon hana 'yan baya ganinsa.

Dokoki da yawa sun yarda da wannan ji. Ƙasashe suna hana mai gini rushe gininsa idan na tarihi ne. Mai dabba ba shi da ikon azabtar da ita. A suratun Nisa'i aya ta 5 an hana miƙa wa wawaye dukiya, kuma ayar ta kira ta "dukiyarku", tana magana da jama'a, alhali ta wawan ce. Daga nan malamai suka fitar da hukuncin hana almubazzari taɓa dukiyarsa har sai ya yi hankali. Ikonka a kan ƙananan kayanka yana da faɗi ƙwarai. Yana raguwa ne gwargwadon yadda abin ke da rai, ko ba shi da madadi, ko wasu suka dogara da shi.

Wanda ke bakin mutuwa ya ɗauki abin wani don ya tsira, ɓarawo ne?

Thomas Aquinas, babban malamin addinin Kirista, ya ce a tsananin larura wannan ba sata ba ce. Umar ɗan Haɗɗabi ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Malamai da yawa sun ce wanda ya ɗauka ya biya idan ya sami hali, wato mallakar ba ta gushe ba, ta dai sunkuya ne a gaban rai.

Jikina fa, nawa ne?

A nan hujjar Locke ta fara, a nan kuma ta fi santsi. Idan jikinka dukiyarka ce kamar sauran dukiya, to kana iya sayar da shi. Kant, masanin falsafa ɗan Jamus, ya ƙi wannan. Ya ce mutum ba zai zama mai abu kuma abin mallaka a lokaci guda ba. Kusan duk ƙasashen duniya sun hana cinikin sassan jiki. Amurka ta kafa dokar hanin a 1984, Iran kuwa ta bambanta da saura wajen halatta biyan mai ba da ƙoda. A 1990 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke wa John Moore hukuncin cewa ba shi da mallaka a kan ƙwayoyin da aka samo daga saifarsa bayan an cire ta, ko da yake an yi kasuwanci da su. Abin da kotun ta ba shi shi ne cewa wajibi ne likita ya sanar da shi tun farko.

Bauta ita ce hujja mafi ƙarfi cewa doka tana iya kiran abu mallaka alhali zalunci ne tsantsa. Da Birtaniya ta kafa dokar soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya, aka biya iyayen gijin bayi, bayin kuwa ba su sami ko sisi ba. A 1825 Faransa ta tilasta wa Haiti amincewa da biyan faran miliyan 150 don "asarar" da tsoffin masu gonaki da bayi suka yi bayan Haiti ta ƙwaci 'yancinta. Wannan ya isa ya nuna cewa Bentham bai faɗi gaskiya duka ba. Doka ce ke riƙe da mallaka, amma akwai ma'aunin da ke sama da doka wanda ake auna ta da shi. Na fi natsuwa da a ce kai ne mai iko da jikinka, babu mai taɓa shi sai da izininka, amma ba haja ba ne, ko a hannunka.

Ana iya mallakar tunani?

Idan na ɗauke kekenka ka rasa keke. Idan na koyi dabararka kana nan da ita. Thomas Jefferson ya faɗi haka a wata wasiƙa a 1813: wanda ya kunna kyandirinsa daga nawa ya sami haske ba tare da ya rage mini ba. Tunda ƙaranci ne tushen mallaka a maganar Hume, a nan babu ƙarancin, doka ce take ƙirƙirarsa da gangan don marubuci da mai ƙirƙira su ci guminsu.

Shi ya sa ake sa mata wa'adi. Dokar haƙƙin mawallafi ta farko a Birtaniya, ta 1710, shekara 14 ta ba sabon littafi, da damar sabuntawa sau ɗaya. Yarjejeniyar Berne, wadda ta faro a 1886, yanzu ta tanadi aƙalla shekara 50 bayan mutuwar marubuci, ƙasashe da yawa kuma sun kai 70. Haƙƙin ƙirƙira shekara 20 ne. Inda abin ya fi zafi shi ne magani. Kamfanonin magunguna 39 sun yi ƙarar gwamnatin Afirka ta Kudu a kan dokar da ta nemi sauƙaƙa farashin magani lokacin da cutar ƙanjamau ke kashe mutane, suka janye ƙarar a 2001 bayan duniya ta yi tir da su. A ƙarshen shekarar sanarwar Doha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasashe suna da ikon fifita lafiyar jama'a.

Littafin da na saya a intanet nawa ne?

Galibi izinin karantawa ka saya. Ba ka iya sayar da shi, da wuya ka iya ba da aronsa, kuma gadar da shi ba tabbas. A 2009 kamfanin Amazon ya goge wasu littattafai daga na'urorin karanta littafi na Kindle na mutanen da suka riga suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya ya nemi afuwa. Abin da ya tsorata mutane shi ne gano cewa hannun mai sayarwa yana nan cikin abin da suka ɗauka nasu ne. Wannan yana damuna, domin mutumin da komai nasa na haya ne, kullum yana rayuwa ne da izinin wani.

Me ya sa abu yake ƙara daraja a idona da zarar ya zama nawa?

An gwada wannan. A binciken da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa wasu ɗalibai kofuna, aka tarar waɗanda aka ba suna neman kusan ninki biyu na abin da waɗanda ba a ba ba suke shirye su biya. Zafin rabuwa ya fi daɗin samu. Hegel, masanin falsafa ɗan Jamus, ya kalli abin ta wata fuska: a cikin abin da mutum ya mallaka ne nufinsa yake fitowa fili har wasu su gan shi. Wanda gobara ta cinye masa wasiƙun mahaifiyarsa ya san abin da Hegel yake nufi, domin babu kuɗin inshorar da zai mayar da su.

Haraji da karɓe fili don aikin jama'a ba ƙwace ba ne?

Nozick ya kwatanta harajin da ake cira daga abin da mutum ya samu da aikinsa da aikin tilas. Masu ba shi amsa suna cewa kotun da ke kare maka dukiyar da rajistar da ke ɗauke da sunanka da haraji ake riƙe su, don haka ba za ka ci moriyarsu ka ce ba ruwanka da nauyinsu ba. Alƙur'ani ya kira rabon mabuƙaci a cikin dukiyar mai hali haƙƙi sananne, wato ba alfarma ake yi masa ba. Sashe na 17 na sanarwar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 bai ce ba a taɓa dukiyar mutum sam ba. Ya ce kada a raba shi da ita haka siddan. Ni ma a nan nake ganin iyakar: dokar da ta hau kan kowa daidai, manufar da jama'a ke gani, diyya ta gaskiya, da kotun da za a iya kai kuka. Idan ɗaya ya ɓace daga cikin waɗannan, sunan abin ƙwace ko da hatimin hukuma a kai.

Mamaci yana da iko da abin da ya bari?

Al'ummomi sun saɓa. Dokar Ingila ta ba mutum 'yancin barin dukiyarsa ga wanda ya so, sai dai kotu tana iya shiga idan ya bar iyalinsa hannu rabbana. Dokar Faransa ta 1804 ta keɓe wa 'ya'ya kason da uba ba ya iya hana su. A Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, saura kuma rabon gado ne da mamacin ba shi da ta cewa a kai. Wakafi ya bi wata hanya: Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, amfaninta kawai ake rabawa. Ga dukiya tana aiki, ga shi babu ɗan'adam ɗin da zai ce asalinta nasa ne.

Akwai abin da ba wanda zai iya mallaka?

Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa cewa duniyar wata ko wata duniyar dabam tata ce. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta kira ƙasan teku da ke wajen iyakar ƙasashe gadon ɗan'adam baki ɗaya, ta kuma kafa hukumar da ke Kingston ta Jamaika don kula da shi. New Zealand ta yi wani abu dabam a 2017: ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a gaban doka, da wakilai biyu masu magana da yawunsa, ɗaya daga al'ummar Maori, ɗaya daga gwamnati.

Sai dai maganar ba ta rufu ba. A 2015 Amurka ta kafa dokar da ta ba 'yan ƙasarta ikon mallakar ma'adinan da suka haƙo a sararin samaniya, Luksambur ta bi sahu a 2017. Hujjarsu ita ce ba watan suka mallaka ba, abin da suka ciro daga cikinsa ne, kamar masunci da kifin teku. Hujjar aiki ce ta Locke ta sake dawowa, kuma sharaɗinsa na a bar wa saura ya dawo tare da ita. Ƙasashen da ke iya kai na'ura duniyar wata ko ƙasan teku 'yan kaɗan ne, don haka idan aka bar dokar a kan wanda ya riga zuwa, an riga an san waɗanda za su samu. Ina ganin ƙasashen da ba su da kumbo ko jirgin haƙa su ne suka fi buƙatar zama a teburin da ake rubuta waɗannan ƙa'idoji, kuma tun kafin a fara haƙar.